Kitson Inna Kulu a Bahar Maliya

Ni dai ban taɓa zaton ruwa zai kunyata ni ba. A Yawuri aka haife ni, gidan Sarkawa, kafin ƙafata ta yi ƙwari a ƙasa na iya zaman kwalekwale. Da na ƙara da karatun kiwon kifi a jami'a, har wani ɗaga kafaɗa nake yi, ina cewa ga gado ga boko, wa ya kai ni? To, da wannan ƙaton kan nawa na sauka Jidda, a shekarar da Saudiyya ta mayar da hutun mako Juma'a da Asabar, riƙe da takardar wata cibiyar bincike da ke bakin Bahar Maliya. Shekara ɗaya suka ɗauke ni. In aiki ya yi kyau a sabunta mini iƙama, wato takardar zama, in bai yi ba kuwa Allah ya haɗa kowa da rabonsa.

Gidajen ma'aikatan cibiyar sun cika, aka ce in nemi makwanci da kaina, akwai motar da ke kwaso ma'aikata daga Makka kowace safiya. Abin ya yi mini daɗi, don ina da kaka a Makka. Inna Kulu ƙanwar kakata ce, ta bi mijinta aikin hajji tun ba a haifi babana ba, suka yi zamansu. Adireshinta da aka ba ni bai wuce wannan ba: Hindawiyya, gidan mai kitso.

Mai tasin da ya ɗauko ni daga Jidda ya ajiye ni a Misfala, ya ce ai nan da Hindawiyya duk ɗaya ne. Wallahi ba ɗaya ba ne. Na tsaya a bakin titi cikin harami, babbar jaka a hannun dama, ƙarama a kafaɗa, ina ta rarraba ido. Ko makaho ya shafa ni ya san yau na zo. Sai ga wani dattijo, jallabiyarsa fara tas, ya yi mini sallama da Hausa.

“Alhaji, daga ina?”

Na ce daga Yawuri.

“Kai! Allahu Akbar! Ɗan'uwa rabin jiki. Ai mahaifiyata 'yar can ce. Ina labarin kogi? Ruwa ya ja da baya bana?”

Da na ji ya tambayi kogi, zuciyata ta narke. Na ce gidan Kulu mai kitso nake nema, ya ce ai da ita suke gaisawa kullum. Ya karɓi ƙaramar jakata don ya rage mini nauyi, muka yi ta hawa wani lungu, har muka iso wani dogon bene. Ya ce in tsaya ya leƙa ko tana ciki. Na tsaya. Na gyara tsayuwa. Aka kira la'asar ina tsaye. Ashe benen ƙofa biyu gare shi.

Allah ya taimake ni takarduna suna cikin bel ɗin harami. Abin da ya tafi shi ne sababbin takalmana da tsarabar da mahaifiyata ta ɗaura wa Inna Kulu: daddawa, kuka, da busasshen kifi da babana ya kyafe da hannunsa. Wani mai tsire mutumin Tawa da ke gefen benen ya ga yadda fuskata ta koma, ya kira ni, ya miƙo mini ruwan sanyi da tsinke biyu, ya ƙi jin zancen biya. Ya ce wancan dattijon jiya mahaifiyarsa 'yar Azare ce. Ya bar tukubarsa a hannun maƙwabcinsa, ya raka ni har bakin titi, ya sa ni a tasi, ya yi wa direban kwatance da Larabci.

Inna Kulu na zaune a kan darduma a ƙofar ɗakinta, 'yar tsohuwa siririya, yatsunta dogwaye. Na durƙusa na gaishe ta. Ta daɗe tana kallona, hawaye na bin kumatunta, ta ce hancin yayarta ne ya shigo mata gida. Can ta share ido, ta koma wasan jika da kaka.

“To, wanga ne mijin da anka aiko min? Ba takalmi, ba tsaraba? Mi za ni yi da kai?”

Na ba ta labarin dattijon Misfala. Takalman ko a jikinta. Amma da na ambaci daddawa, ta dafe ƙirji.

“Daddawar Yawuri? Ta shigo Makka tak koma hannun ɓarawo? Allah ya isa, ɗiyana, Allah ya isa!”

Da yamma ɗanta ya kai ni Harami na yi umra. Ana ta aikin faɗaɗa masallaci a lokacin, manyan injinan ɗaga kaya sun kewaye sama, amma da idona ya faɗa kan Ka'aba duk ban ƙara ganinsu ba. Na yi kuka sosai, na manta rabin addu'o'in da 'yan gida suka ba ni saƙo.

Aikin cibiyar, in taƙaita shi, noma ne a tsakiyar teku. An daɗe ana kiwon kawa da ciyawar teku a bakin gaɓa a ƙasashe da dama, amma gaɓa ta cika: ga tashoshin jiragen ruwa, ga masunta, ga masu gine-gine, ga ruwan da ke ɗumama kamar na wanka in zafi ya kama. Sai masana suka ce me zai hana a matsa can ciki, inda ruwa ke da zurfi kuma ba kowa? A miƙa doguwar igiya a ƙarƙashin ruwa, a danne bakinta biyu da manyan tubalan siminti, a sa mata gorunan roba su riƙe ta. A jikinta a rataya kejin kawa, dangin ƙumbar da muke tsinta a yashin kogi, sai dai su naman cikinsu ake ci. A kuma jera ƙananan igiyoyi masu ɗauke da irin ciyawa. Ba taki, ba dusa, ba ban ruwa, teku ce ke ciyar da kayanta. Matsalar ɗaya ce: can ciki igiyar ruwa ba ta da mutunci.

Shugabar sashenmu, Dakta Lita, 'yar Filifin ce, gajeriya mai saurin magana, babanta manomin ciyawar teku ne. Kawa suna da masu kula da su. Ni ta damƙa mini ciyawa. Ta nuna mini ita a cikin tankunan cibiya, ja-ja ce, sirara kamar taliyar Hausa, ga santsi. Ana cinta, ana kuma fitar da wani abu mai kauri daga jikinta da ake sawa a abinci da magani. Aikina in gano yadda za a maƙala ta a igiya ta zauna, ta yi girma, teku ba ta ƙwace ba.

Ranar da muka fara fita, na shiga jirgin da taƙama, har ina gaya wa matuƙin, Rayyis Atiyya, wani baƙin Balarabe mai furfura, cewa ni a ruwa aka yanke mini cibiya. Gaɓa na ɓacewa cikina ya juya. Kogi gaba yake tafiya, ita kuwa teku sama take yi da ƙasa, ta kuma karkata. Na rungume bakin jirgi na mayar da ful da tamis, wato wake da gurasar da na karya da su, har da na jiya. Rayyis ya miƙo mini lemon tsami yana dariya, ya ce, “Shuwayya shuwayya, sannu a hankali, ya sarkin kogi.” Sunan da ya bi ni ke nan har na bar cibiyar.

Amma amai bai koya mini hankali ba. Da lokacin ɗaura iri ya zo, Dakta ta ce a ƙasarsu da lallausar leda ake ɗaurewa, sako-sako. Na ce a raina, wannan ai na ruwan da ke kwance ne. Nan inda igiyar ruwa ke kai tsawon ɗaki, ƙulli mai ƙarfi ake so. Ni kuwa ina da shi: ƙullin da babana ke ɗaure ƙugiya a jikin mamari, doguwar igiyar kamun kifinmu, wanda ko giwan ruwa ba ya kwance shi. Na samo zaren lilo mai ƙwari, na yi kwana uku ina ƙullawa, ina ja har sai ya yi ƙara. Dakta ta duba, ta ce, “Habibu, ka tabbata?” Na ce, “Dakta, da wannan ƙullin aka ciyar da ni.” Ta ɗaga kafaɗa ta ce bincike ne, a gwada.

Bayan mako uku muka koma muka jawo igiyoyin. Tabɗi! Ƙullina duk suna nan, ko ɗaya bai kwance ba. A cikin kowane ƙulli akwai ɗan guntun ciyawa bai kai ƙumbar yatsa ba. Sauran duk ta tafi. Duk juyin da ruwa ya yi, zaren sai ya ƙara cin ciyawar, har ya yanke ta. Rayyis Atiyya ya ɗaga igiya ɗaya yana jinjina kai.

“Masha Allah, ƙulli ya zauna daram. Dama ƙulli muka zo nomawa?”

Tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka.

Karo na biyu muka bi dabarar Dakta. Muka riƙa warware murɗin igiya, mu cusa ciyawar a tsakani, mu sake ta ta matse da kanta. Wannan bai yanke komai ba. Teku dai ta zare ta ɗaya bayan ɗaya, muka jawo igiyoyi fes kamar an wanke su. Da muka dawo Dakta ta kira ni ofis, ta rufe ƙofa. Ta ce irin da ya rage a tankuna na zagaye ɗaya ne, sanyin ruwa kuma ya kusa wucewa. Manyan cibiya sun ce in na uku ya faɗi za a rufe sashen ciyawa a ci gaba da kawa kawai. Ba ta ƙarasa ba, ni ma ban tambaya ba. Kawa suna da mutanensu, ni ba ni da gurbi a can.

A makonnin nan na san kewar gida. Kullum sai in ratsa baƙaƙen duwatsun da ke tsakanin Makka da gaɓa, tafiya mai nisa, babu ko kududdufi, in tuna warin laka da hayaƙin banda a bakin kogi. In na kira babana, tambayarsa ɗaya ce.

“Habibu, wane irin kifi suke da shi a can?”

“Baba, ni ciyawa nake nomawa.”

“Ciyawa? Ka bar ciyawa a Yawuri har tana hana mu tuƙi, ka tafi Makka noman ciyawa?”

Duk da haka ƙanwata ta tsegunta mini cewa a majalisarsu ba shi da zance sai ɗansa da Larabawa suka kira ya koya musu ruwa. Wannan shi ya fi damuna. In koma in ce masa me? In ce ƙullinsa ne ya fara kayar da ni?

Inna Kulu ta daɗe tana matsa mini in kawo mata ciyawar da ta raba ni da gida ta gani. Ranar Alhamis ɗin da Dakta ta yi mini wannan magana, na ɗebo ɓarɓashin da aka tsince daga tanki za a zubar, na zuba a bokiti, na haɗa da guntun igiyar farko mai ƙullina. Na iso gida bayan la'asar, na dire bokitin a gabanta, na zauna na yi tagumi. Ta sa hannu ta ɗago ciyawar, ta shinshina, ta ja ta a hankali tsakanin yatsu. Sannan ta ɗauki guntun igiyar, ta kai shi kusa da ido.

“Wa yay yi wanga ɗauri?”

Na ce ni ne, ƙullin mamari ne.

“Ƙullin ƙarhe ka yi wa abu mai rai? Haba maigida! Ko akuya ka ɗaure haka, kahin sahe ta mutu.”

Na ce mun gwada sako-sako, ruwa ya zare.

“To ai dole. Wuri guda kunka kama ta. In ka matse ta karye, in ka saki ta zame. Kai ba ka taɓa ganin ana kitso ba?”

Na ce, Inna, ni da kitso ina muka haɗu?

Ta yi tsaki. Ta ce shekarunta a Makka kan matan duniya ba wanda bai ratsa cinyarta ba, har masu gashi mai santsi kamar siliki, wanda in ka kama nan ya sulluɓe can. Ba a kama gashi wuri ɗaya. Kaɗan-kaɗan ake tsinkarsa, kowane juyi a ɗauki wani, har nauyin ya rabu a kan layin gaba ɗaya, ba saiwar da za ta ce ita kaɗai ake ja. Tana magana ta sa aka kwanto mata igiyar shanya, ta warware ta gida uku, ta maƙale bakin a babban yatsan ƙafarta. Yatsun nan suka fara tafiya. Ta ɗauki silin ciyawa ta kwantar, ta juya, ta ɗauki wani, ta bar kawunan suna lilo a waje. Kafin shayina ya huce ta kitsa kamu biyu.

Na ce ya yi kyau, amma Inna ba ki san teku ba.

“Kai ka santa?” in ji ta. Ta ɗaga murya. “Ummu Faisal! Jawo min gassala!”

Ummu Faisal matar ɗanta ce, haifaffiyar Makka, Hausarta rabi Larabci. Gassala kuwa injin wankinta ne, tsoho mai baki biyu, wanda in yana aiki har tafiya yake yi a tsakar gida. Da ta gane abin da ake shirin yi ta ɗora hannu a ka.

“Ya Inna, haram alaiki! Gassalata? Da me zan wanke kayan yara bukra, gobe da safe?”

Ba wanda ya saurare ta. Inna ta sa na ƙulla igiya ɗaya irin ƙullina, na cusa ɗaya irin ta Dakta, ga tata ta uku. Muka cika injin da ruwa, ta watsa gishiri cikin tafin hannu, wai kada teku ta ce an yi mata ha'inci. Aka murɗa. Injin ya yi ta gurnani yana rawa, mu uku muna tsaye a kansa. Sau uku ana sake murɗawa. Da ya tsaya na tsoma hannu. Tawa ta fito guntu-guntu. Ta Dakta ta fito tsirara. Ta Inna Kulu ta fito da ciyawarta, 'yan silili kaɗan ne suka fita.

Wallahi ban san lokacin da na yi tsalle ba. Na yi kabbara har maƙwabta suka leƙo. Ummu Faisal da ke ta mita ita ta fara rangaɗa guɗa, tana yi tana tsince ciyawa daga cikin injinta. Inna kuwa ta koma kan dardumarta, ta ce a sake mata shayi, wancan ya huce.

Na sa aka maimaita, na ɗauka a waya, na tura wa Dakta. Ba a jima ba ta kira, tana dariya har tana tari. Ta ce shekara da shekaru tana wannan aiki, ba ta taɓa ganin an gwada teku a injin wanki ba. Ta ce tana son ganin matar nan gobe-goben nan. Sai muka tuna Dakta ba Musulma ba ce, iyakarta shingen da ke kan hanya, ba ta shiga Makka. Irin kuma ba zai jure a ɗauko shi cikin zafin nan a kawo Hindawiyya a mayar ba. Na gwada koyon kitson da kaina a kwana biyun hutu, amma yatsun da suka saba jan taru ba sa lanƙwasa. Inna ta yi ta dukan bayan hannuna da mafici. Igiyoyin da za a kitsa kuwa suna da yawa, ko na iya ba zan gama ni kaɗai ba.

“To mu tahi mu,” in ji Inna Kulu. “Teku cizo takai?”

Ta aika aka kira ƙawayenta masu kitso, daga Hindawiyya har Nakkasa, su bakwai. Biyu ba su samu zuwa ba, don iƙamarsu ta mutu, ba su isa su tunkari shingen 'yan sanda ba. Ɗaya daga cikinsu Inna ta ce duk Makka ba mai hannunta. Matar ta zo har bakin mota ta raka mu, ta ba da ƙullin dabino a ci a hanya, ta ce a gaishe mata da ruwa. Abin ya tsaya mini a rai.

Dakta ta samo musu takardar shiga, ta tarye mu a bakin ƙofa da kanta. Aka shimfiɗa tabarmi a ƙarƙashin rumfar tankuna, aka jera bahon ruwan teku, don dole ciyawar ta kasance a jiƙe. Mata biyar da Inna ta shida suka naɗe hannun abaya, kowace ta maƙale igiya a yatsan ƙafa. Kai, ranar cibiyar nan ta ga abin da ba ta taɓa gani ba. Hira ake yi ta bikin wance da rushe-rushen gidajen Nakkasa, Hausa na shiga Larabci na fita, hannuwa masu lalle suna ta gudu ba mai kallon abin da take yi. Masu digiri suka fito daga ofisoshi suka tsaya daga nesa suna kallo. Dakta ta tuɓe takalmi ta zauna dirshan kusa da Inna. Ba su da yaren da ya haɗa su sai 'yan kalmomin Larabci, amma in ta yi kuskure Inna ta ɗan maki hannunta, ita kuma ta ce, “Tayyib, Mama,” ta warware ta sake.

Ni ma na ce ba za a yi ba ni ba. Na koma gefe na kitsa igiya guda cur da hannuna, na ɗaura mata jan ƙyalle don in gane ta. Na kai wa Inna ta duba. Ta juya ta sama, ta juya ta ƙasa, ta miƙo mini.

“Allah ya ba teku haƙuri,” in ji ta.

Kwana biyu suka yi suna zuwa. A na uku muka fita da Rayyis Atiyya muka rataye igiyoyin a can ciki, kusa da kejin kawa, ina yi ina tsotsar lemon tsami.

Daga nan sai jira, kwana arba'in. A mako na uku iskar arewa ta taso, ta yi kwanaki tana kaɗawa, ba jirgin da ya fita. Daga bakin gaɓa ina hango teku ta yi fari fat. Abinci ya daina shiga. In na dawo Makka sai in wuce Harami in yi ɗawafi, in roƙi Allah abin da na tabbata ba a cika roƙonsa a wurin ba, wato ya tsare mini ciyawa. Inna kuwa ko gezau. Ta ce kitsonta yana wata biyu a kan mace mai ƙiriniya, mai kwana tana birgima, balle wani ruwa. Na ce Inna, in ya zube fa, sai Yawuri. Ta ce in ci tuwona. Daga baya Ummu Faisal ta gaya mini tsohuwar azumi take yi tun ranar da iskar ta fara.

Ranar cirewa teku ta kwanta lamo. Muka fita da hantsi, ni da Dakta da Rayyis da ma'aikata biyu. Da muka iso gorunan roba, Rayyis ya ce sun nutse fiye da yadda muka bar su. Na zaci wani abu ya karye a ƙasa. Ya sa ƙugiya ya kamo igiyar farko, ya ja, ta ƙi. Ya kira mu muka kama mu huɗu. Abin da ya fara fitowa ban gane shi ba: wani jan tuli ne mai sheƙi, yana zubar da ruwa, kaurinsa ya kai jikin mutum, igiyar ma ba a ganinta. Ciyawa ce. Silin da muka rataya kamar tsawon yatsa ya zarce kamu. Ƙananan kifaye suna ta zubowa daga cikinta suna tsalle a cikin jirgi.

Rayyis ya saki kabbara. Dakta ta zauna a kan ciyawar, jiƙe sharkaf, tana dariya tana share ido. Muka jawo ta biyu, haka. Ta uku, haka. Jirgi ya yi nauyi har Rayyis ya ce a bar sauran sai gobe. Ni dai kuka nake yi ba kunya, ranar ko amai ban tuna da shi ba. Dakta ta dube ni ta ce in kawo fasfona ofis ranar Lahadi a fara cike takardun sabuntawa, kuma a rahoton da za ta rubuta sunayen matan nan shida za su shiga, in je in tambayo yadda kowace ke son a rubuta nata.

Kafin mu juya na roƙi Rayyis ya jawo mini guda ɗaya tak, mai jan ƙyalle. Da hannu ɗaya ya ɗago ta. Wasu 'yan tsiraran silili ne ke lilo a jiki, nan ɗaya, can ɗaya. Ya riƙe ta sama kowa ya gani, jirgi ya kaure da dariya, har da ni.

Muna shiga inda waya ke kamawa na kira Hindawiyya. Bugu ɗaya aka ɗauka, ashe wayar na kan cinyarta tun safe.

“Inna, ta zauna! Duk sun zauna! Jirgi ya kasa ɗauka!”

Na ji ta yi hamdala a hankali, sau uku. Na ji guɗar Ummu Faisal daga nesa. Sai tsohuwa ta gyara murya.

“To, mai jan ƙyallen hwa?”

Na ce ta zube, Inna, saura kaɗan.

“Madalla. Da ta zauna, da na ce tekun ba ta san kitso ba. Sun bar ka ke nan?”

Na ce sun bar ni, wata shekarar ma ina nan.

“To ka biyo da igiya in za ka taho. Shekara guda ta ishe ni in mai da kai mutum.”

Na ce to, Inna. Na roƙi Rayyis guntun igiya, na naɗe na sa a aljihu.